Saƙar Baba a Cikin Gwangwanin Mota

A shekarun da jirgin ƙasa ya iso Gusau ni direba ne, mahaifina kuwa ba ya son jin wannan kalma. Mu masaƙa ne a Bungudu, kaka da kakanni. Ni ne ɗan fari, don haka bisa al'ada bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai wanga". A rumfar saƙa kuma kalma ɗaya ce ke biyo bayan wannan kira: "Matse!" Saƙata sako-sako take fita ko na yi yaya. Yakan ɗaga abin da na saƙa ya dubi rana ta cikinsa, in ya hangi haske sai ya ce a warware. Na wuce shekara ashirin a duniya ina warware aikina, ran nan na ajiye ƙoshiyar saƙa na bi masu aikin hanyar jirgi har Zariya, can na koyi tuƙi. Na dawo da mata da 'ya'ya biyu da sana'ar da ba kowa ke da ita ba, amma a wurin Baba ni mutum ne da ya kasa saƙa ya koma wasa da baƙin mai.

Ba ya faɗa, ba ya zagi. In na zo gaishe shi sai ya amsa, ya dubi farcena, ya ce wa Inna ta ba ni toka in wanke hannu kafin in taɓa akushi. Motar kuwa ko da na tsayar da ita a bakin kasuwa garin duka ya fito kallo, shi yana rumfarsa bai ɗaga kai ba. Wannan abu yana cin raina fiye da yadda nake nunawa. Manyan mutane suna matsa mini wuri a tabarma, amma mutum ɗaya da nake so ya ce madalla ya ƙi cewa.

Maigidan da nake yi wa tuƙi wani attajiri ne a Gusau, asalinsa fataucin goro, muna ce masa Alhaji. Da wata tsohuwar babbar mota ya fara, wadda ta ga duniya kafin ta iso hannunsa. Aikina shi ne kwaso auduga da gyaɗa daga kasuwannin Tsafe da 'Yankuzo da Wanke da garinmu, in kawo ma'auni a Gusau.

Juyen mai a tsohuwar nan ba shi da wuya, kuma ranar Juma'a da safe nake yinsa tunda ba a lodi sai an sauko daga masallaci. Sai in tayar da inji ya ɗan yi ɗumi don man ya saki jiki, in kashe, in shimfiɗa tsohuwar tabarma in shige ƙarƙashi. Akwai kasko a gindin injin inda mai ke taruwa. In kwance noti da sifana, man ya zubo cikin garwar da aka yanke baki, baƙi ƙirin, da ɗumi kamar kunu. Daga nan sai in ciro rariyarsa, wata 'yar ragar waya ce mai faɗin tafin hannu, ita ce kaɗai matatar da motar ke da ita. In jiƙa ta a kananzir, in goge da tsohon asawaki, in ɗaga ta sama in dubi rana. Nan na sha yin dariya ni kaɗai, domin irin dubawar da Baba ke yi wa saƙata ce, sai dai ni hasken nake nema. In ya fito ko'ina, sai in mayar da ita, in ɗaure noti, in zuba sabon mai ta mazurari.

Kafin in fito daga ƙarƙashi mutane sun taru da 'yan ƙoƙuna. Masu jakuna suna son baƙin man don gyambon baya, Fulani suna so don kaska, magidanta kuma su shafa wa azara saboda gara. Ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Garwar da man ya zo a ciki ma akwai mai jiranta. Mu ba mu san a yar da abu don ya gama aikinsa na farko ba, kuma wannan hali ne ya kai ni inda ya kai ni.

Da kaka ta yi kyau shekara biyu a jere, Alhaji ya sayo sabuwar mota, jirgi ya kawo ta, ya kuma ce ni zan riƙe ta. Wani makanike Bayarabe da ke aiki a tashar jirgi, dattijo mai ƙarancin magana, shi ya zo ya nuna mini cikinta. Yawanci duk na sani. Abu ɗaya ne baƙo: wani baƙin gwangwani a gefen inji, ya kai girman ɗan tulun alwala, da siraran bututu biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita.

"Wannan matatar mai ce," in ji shi. "Ba irin rariyar tsohuwarka ba. Rariya tsakuwa take tarewa, wannan har abin da ido ba ya gani yake kamawa. Manka zai daɗe ninki biyu."

Na ce to ta ina ake buɗe shi a wanke.

"Ba a buɗewa, ba a wankewa. In lokacinsa ya yi ka cire ka yar, ka sa sabo. Ga guda nan an haɗo maka."

Ka yar! Na dube shi na dubi gwangwanin, lafiyayyen ƙarfe ba lamba ba tsatsa. Na ce to, amma a raina na ce wannan mutum zama da Turawa ya ɓata shi.

Gaskiyarsa kuwa wajen aikin matatar. Na yi ta gwada motocin biyu, domin duk a fili ɗaya suke kwana. In na zaro sandar awon mai ta tsohuwar bayan kwana goma sai in ga man ya koma kamar tawada, na sabuwar kuwa har bayan wata yana nan da ɗan ja-ja kamar zuma. In an dawo daga tafiya ka ɗora hannu a kan gwangwanin sai ka janye, don zafi. Ban tambayi dalilin zafin ba, na ɗauka komai na jikin inji haka yake.

Da lokacin canji ya yi na cire gwangwanin, na riƙe shi a hannu na rasa inda zan jefa shi. Sai na kai wa wani mai dalma a kasuwa na ce ya yanke mini bakinsa mu ga abin da Turawa suka ɓoye. Ina tsammanin zan ga wani ƙarfe mai hikima. Ashe ƙyalle ne. Dogon ƙyallen auduga, an naɗe shi zagaye da wani bututu mai huda-huda, mai ya shiga ta waje ya ratsa naɗin ya fita ta tsakiya. Ya yi baƙi tun daga bakinsa har ƙarshe. Na wanke shi da kananzir, na sake wankewa da sabulu, na shanya. Da ya bushe na ɗaga shi sama, sai ga rana tana ratsowa ta ko'ina, ga gashi-gashi a jikinsa kamar ba a gama aikinsa ba. Nan take na tuna da Baba. Ashe a tsakiyar wannan ƙarfe da ya raina akwai abin da ya fi kowa sani.

Ran kasuwar Bungudu na ɗaura wa motar sabon gwangwanin da aka haɗo mini na tafi da ƙyallen a aljihu. Na sami Baba a rumfa, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙyallen kusa da ƙafarsa. Ya yi kamar bai gani ba. Amma masaƙi ba ya iya barin ƙyalle a ƙasa bai murza ba. Can sai ya ɗauka, ya murza, ya ja ta tsaye ya ja ta kwance, ya ɗaga wa rana.

"Wa yas saƙa wanga?"

"Turawa, Baba. An ce da inji."

"To injin bai sami mai ce mishi matse ba. Mi shika yi wurinka?"

"Cikin mota nic ciro shi. Shi ka tace mai, kamar yadda Inna ka tace man gyaɗa."

"Da wanga za a tace mai? Wanga ko tsaki ba shi tarewa."

Ya ce wa masaƙin da ke kusa da shi ya zo ya ga abin da ake kawowa daga bayan teku, suka yi ta dariya. Ni ma na yi, kuma ban taɓa jin daɗin dariyar da ake yi wa kayan aikina kamar ran nan ba. Shekara goma sha ke nan rabon da mu yi magana da ta wuce gaisuwa. Da zan tafi na miƙa hannu in ɗauki ƙyallen, sai ya sa shi ƙarƙashin cinyarsa ya ci gaba da aiki.

Bayan mako biyu na dawo. Inna ta tare ni a zaure tana ƙasa da murya, ta ce tun ran da na tafi ya sa ta kaɗa masa zare mafi siriri, ya mayar mata da shi sau biyu. Ya jiƙa zaren a ruwan ƙullun gero har sau biyu don ya yi ƙarfi, kamar yadda ake yi wa farin da za a ɗinka wa babban mutum riga. Ya auna tsawon na Turawa kamu-kamu, ya saƙa, ya haɗa siraran ƙyallayen ƙwarya da ƙwarya da ɗinki mai kyau, ya kai wa masu bugu suka buge shi har yana sheƙi. Da na shiga gaisuwa ya jefo mini shi a cinya.

"Ga shi nan. Ka sa ma ƙarhen naka, shi san an yi mishi saƙa."

Na ɗaga wa rana don na san abin da yake jira ke nan. Ko ƙwayar haske babu. Ban taɓa riƙe saƙa mai kyau irin wannan ba, kuma har yau ban sake ba.

Na koma Gusau, mai dalma ya naɗe shi cikin tsohon gwangwanin ya liƙe baki tsaf. Ranar Juma'a na juye mai, na cire sabon gwangwanin Turawa da bai yi wata yana aiki ba, na cusa shi ƙarƙashin kujera, na ɗaura na Baba. Ban gaya wa Alhaji ba, ban gaya wa makanike ba. Na tayar da inji, ba yoyo, ba wani baƙon ƙara. Na je Tsafe na dawo, na ɗora hannu a kan gwangwanin, sai na ji shi da sanyi. Na yi murna ƙwarai. A lissafina zafi alamar wahala ce, sanyi kuwa alamar abu ya sami abin da ya dace da shi.

Zuwana Bungudu na gaba, ina sauke buhuna sai ga Baba tsaye a bayana da sandarsa. Bai taɓa zuwa kusa da motar ba sai ran nan.

"Kai wanga, ina kas sa shi?"

Na ɗaga murfin inji na nuna masa. Ya sa hannu a hankali kamar mai taɓa baƙon doki.

"Ko zahi ba shi yi."

"Na Turawa kam ba ka iya taɓa shi, Baba."

"To ka gani. Rashin kyan saƙa na."

Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya tambayi buhu nawa take ɗauka. Daga baya na ji yana gaya wa mutanen rumfa cewa motar da ke zuwa ran kasuwa da saƙarsa take tafiya. Ni kuwa na yi ta tuƙi ina waƙa kamar wanda aka yi wa albishir.

Daga nan na yi wautar da ita ce tawa ni kaɗai. Na ce in ƙyallen Turawa mai huda kamar rariya yana riƙe mai ninki biyu, ai na Baba sai ya riƙe ninki uku ko huɗu. Juma'ar juye ta zo na bar ta ta wuce, wata ta zo ita ma na bar ta. Masu ƙoƙuna suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi, har wani mai jakuna ya ce ko na fara shan man ne da kaina. Ina zaro sandar awo ina ganin man yana baƙi, yana kauri, in na murza shi tsakanin yatsu ina jin ɗan gurzi-gurzi. Na san abin da wannan ke nufi, shekara nawa ina aikin. Amma sai in goge sandar in mayar, in ce wa kaina launi ne kawai. Gaskiyar magana ba na son in sani. In na yarda man ya lalace, to na yarda ƙyallen bai yi ba, ni kuma ban shirya komawa zaman da muke yi da Baba a da ba.

Ana tsakiyar cinikin auduga, wata rana da hantsi, na taso daga 'Yankuzo da lodi har sama. Na wuce Tsafe kaɗan, a wani ɗan hawa kusa da duwatsu, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga can cikin inji, kamar ana buga turmi da ƙarfe. Na kashe nan take, amma mai faruwa ta riga ta faru. Na zauna a inuwar motar har la'asar, sai da tsohuwar ta zo ta ja mu zuwa Gusau da igiya. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito an ga sabuwa a bayan tsohuwa.

Washegari makanike ya zo, Alhaji yana tsaye. Ya kwance noti, man ya ƙi zubowa sosai, sai ya riƙa saukowa guda-guda kamar kwalta. Ya ga dalma a bakin gwangwanin, ya ciro shi ya yanke, ya zaro naɗin ya warware a ƙasa. Zagayen farko na waje baƙi ne, ya yi tauri kamar ƙirgi, ƙullun da zafin mai sun haɗu sun toshe shi. Daga zagaye na biyu har zuwa tsakiya fari ne tas, kamar ran da aka jefo mini shi.

"Direba, ba ka taɓa gwangwanin nan ba?"

"Na taɓa. Da sanyi shike."

"To zafin nan da kake ji a da, mai ne ke ratsawa. In ya yi sanyi, mai ba ya shiga. Wata nawa injin nan yana shan ƙasa, kai kana murna."

Alhaji ya ɗauki farin gefen ya murza, don shi ma ya san kaya. Ya ce wannan ai rigar Salla ce aka sa wa inji, wa ya saƙa? Na ce ni na sa shi, ni kuma na ƙi juye mai a kan lokaci, laifin bai wuce nan ba. Ya ajiye ƙyallen ya ce:

"Ba ni korakka, don ka hwaɗi gaskiya. Amma ka koma ma tsohuwa. Ita ba ta da inda za a ɓoye mata riga."

Kayan gyaran sai da aka aika Ikko, motar ta yi wata biyu an ɗage ta a kan duwatsu, cinikin auduga ya wuce ta. Da ta tashi aka ba wani direba. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ran kasuwar Bungudu.

Zuwan farko da tsohuwar, Baba ya fito ya dube ta ya ce ina waccan. Na ce an aike ta Sakkwato. Zuwa na biyu na ce tana hutawa. A na uku bai tambayi motar ba. Ya bari na gama gaisuwa, ya ce:

"Kai wanga, saƙata ta isa cirewa yanzu. In an cire ka kawo min in gani."

Na san ba makawa. Duk wanda ya saya wa Baba fari, in rigar ta tsufa yakan so ya gan ta, ya ga inda ta fara ci da inda ta riƙe. Haka yake sanin hannunsa. Na yi tunanin in tsoma ƙyallen cikin garwar baƙin mai ya yi baƙi duka in kai masa. Har na ɗauko garwar. Sai na ga in na yi haka, duk madallar da zai ce ba tawa ba ce, kuma zan ci gaba da jin ta a kunne har in mutu. Na naɗe shi yadda yake na kai.

A tsakar gida na same shi, Inna tana suyar ƙuli. Ya warware naɗin a kan tabarma, ya bi shi da hannu daga baƙin gefen har zuwa farin. Ya daɗe a kan farin. Ban yi masa bayani ba, bai kuma nema ba. Ya ce wa Inna ta ɗebo masa man gyaɗa mai ɗumi a ludayi, ya shiga ɗaki ya fito da ƙyallen Turawa, ashe yana nan ajiye. Ya ɗaura kowanne a bakin ƙoƙo, ya zuba musu mai daidai wa daida. Na Turawa ya tsotse man ya riƙa ɗiga ƙasa a hankali. A kan nasa kuwa man ya kwanta yana sheƙi, har ya huce bai ragu ba.

"Motar ta mutu?"

"An gyara ta, Baba. An ba wani."

"Saboda wanga."

"Saboda ni. Na ga man ya ɓaci nib bar shi."

"Don mi?"

Ya dube ni, ina jin shi ne karo na farko da ya dube ni a fuska ba a farce ba, kuma na ga ya gane don me. Ya kawar da kai ya ce wa Inna ta juye manta kada ya ɓaci. Na tafi ran nan zuciyata a jagule, na tabbata na rushe abin da aka fara ginawa.

Mako na gaba na zo a ɗarare. Ban same shi a rumfa ba, ya kafa masaƙa a gida inda ba mai gani. Ga guntayen ƙyalle uku a gefensa, ya yi wadari da zaren da ba a jiƙa da ƙullu ba, ga abawa mai kauri da laushi a ƙoshiya. Ya miƙo mini guntayen. Kowanne ya fara da sako-sako, kafin a yi taki ɗaya sai ya koma a matse kamar kullum.

"Kwana ukku ina gwadawa, hannuna ya ƙiya," in ji shi. Ya miƙe da ƙyar ya matsa gefe. "Zamna. Kai ka iya wagga ɓarna."

Na cire hula na zauna, na sa yatsun ƙafa a igiya. Shekara goma sha rabona da wurin, amma jiki bai manta ba. Da na jefa ƙoshiya sai tsohon tsoro ya taso, ina jin numfashinsa a bayana, na riƙa buga zaren da ƙarfi kamar yadda ya yi ta so in yi tun ina yaro.

"Sassauta," in ji shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba, na waiwayo.

"Sassauta nic ce. Yi irin taka."

Na yi irin tawa. Hawaye suka cika mini ido har ba na ganin zaren sosai, amma irin wannan saƙa ba ta bukatar ido. Da na yi kamu biyu ya yanke, ya ɗaga wa rana, haske ya ratso ko'ina. Na gaya masa tsohuwar ba ta da gwangwani, rariyar waya ce da ita. Ya ce wannan matsalata ce, in nemo inda zan sa shi, ba a saƙa don a ajiye.

Sai na ɗaura shi a bakin mazurari. Kowace Juma'a in na gama wanke rariya, ta cikinsa nake zuba sabon mai, yana tare yashi da tsatsar garwa waɗanda a da duk ciki suke tafiya. Da shi kuma nake goge sandar awo, ban kuma sake barin Juma'ar juye ta wuce ni ba. Ya yi mini shekara guda kafin ya fara yagewa.

Da ya gaji na kai wa Baba, tunda ya ce a riƙa kawo masa ya gani. Ya buɗe shi a cinya, ya juya gaba ya juya baya. Baƙi ne ciki da waje, babu wurin da mai bai ratsa ba. Ya murza shi sosai har yatsunsa suka yi baƙi.

"Wanga ya yi aiki," in ji shi.

Inna ta kawo tuwo, ta kawo toka da ruwa ta ajiye a gabana kamar yadda ta saba. Baba ya jawo ƙoƙon tokar gabansa ya fara wanke nasa hannun, sannan ya turo mini sauran.